Takardar Maraɗi

Mahaifinmu ɗan hatsi ne. Yakan sayi masara a kasuwar Ɗandume da ta Sheme, ya tara a wani sito da ya gina a Sabuwa, in mota ta cika ya bi ta Katsina da Jibiya ya tsallaka Maraɗi, ya dawo da wake, wani lokaci da raguna. Gidanmu na Ƙanƙara, gonar da ya gada tana wajen Faskari, kasuwarsa kuma na hayin iyaka. A wurinsa duk ƙasa ɗaya ce. Yakan ce ai Maraɗi Katsina ce, tunda har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin can, zuriyar waɗanda suka bar birnin bayan jihadi. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a 1906 bai taɓa shiga lissafinsa ba, sai da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 cinikin ya tsaya cik.

Yana da mata a can, da ’ya’ya biyu, namiji da mace. Kowa a gidanmu ya sani, babu mai faɗa. In ta kama dole sai a ce “ta Maraɗi”, a wuce. Bai taɓa kawo su ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumban 2021, a makonnin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda ’yan bindiga. An hana motocin haya bin hanyar Sheme. Muka yi jana’iza da mutanen unguwa, ’yan’uwansa na jini ma wasu sai bayan sadakar bakwai suka ji. Na Maraɗi kuwa a bakin wani direba suka ji, an kusa arba’in.

Da aka shiga sabuwar shekara Yaya ya ce a kai maganar gado kotun shari’a, don gudun ka-ce-na-ce a kan gona. Na raka shi. Ina ganin magatakarda har yanzu, da babban littafinsa mai jan bango, fanka ba ta juyawa, yana tambaya yana rubutawa: sunan mamaci, yaushe ya rasu, me ya bari, su wa ya bari. Yaya ya lissafa: mata ɗaya, ’ya’ya maza uku, mata biyu. Gida a Ƙanƙara, gona a Faskari, sito a Sabuwa. Alƙalamin ya tsaya. A lokacin na ɗauka wannan share fage ne kawai, alƙali zai yi nasa binciken, ya aika a tambayo. Ban san cewa abin da aka faɗa a wannan zaman shi ne da’awa ba, kuma a kan da’awa alƙali yake hukunci, ba ya fita neman abin da ba a kawo gabansa ba.

Ana saura kwanaki a koma zama na Maraɗi suka iso. Wani dattijo dogo mai rawani, wan matar, da ita, da yaran. Yaron bai wuce shekara goma sha biyu ba. Da ya durƙusa gaida Inna sai na ji gabana ya faɗi, domin yadda ya karkatar da wuya yana sauraro, haka Baba yake yi in ana gaya masa farashi. Dattijon ya zaro takarda daga cikin leda, ninki huɗu, da hatimi shuɗi da kan sarki, Faransanci daga sama har ƙasa. Ya ce, “Wannan daga kotun Maraɗi take. Ta tabbatar su magada ne.”

Wani malamin makaranta da ya karanta Faransanci ya fassara mana ita a zaure, fitilar waya a hannunsa. Takardar taron dangi ce da kotu ta sa wa hannu. Ta ambaci Baba da sunan mahaifinsa daidai. Ta ambaci wani gida da ya saya a Maraɗi, wanda mu ba mu san da shi ba. Ta ambaci magada uku, matar da yaranta. Mu shida babu ko ɗaya.

Yaya ya miƙe tsaye, muryarsa na rawa. “Kun cinye na can ku kaɗai, kun zo a raba na nan da ku?” Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, ku da kuka je gaban alƙali, sunan wa kuka faɗa?” Babu wanda ya amsa. A daren nan ban runtsa ba. Ina jin haushinsu, ina jin kunyarsu, kuma ban san wanne ya fi ba.

Na tafi Funtuwa wajen wani lauya da muka yi makaranta tare, ina zaton ko dai takardar ta kashe mu ko kuma ba ta da wani amfani. Ya ce ba ko ɗaya. Akwai dokoki biyu a Najeriya kan hukuncin kotunan waje, ta 1922 da ta 1961. Ta farkon ta shafi Ingila da wasu ƙasashen da ta yi wa mulki, irin su Ghana da Saliyo, Nijar ba ta ciki. Dukansu biyun kuma magana suke a kan hukuncin biyan kuɗi, wanda ake kai wa Babbar Kotu a yi masa rajista. Ba don rabon gida da gona aka yi su ba. Ƙasa da gini, kotun inda suke ita ke da hurumi a kansu. Alƙalinmu ba zai raba gidan Maraɗi ba, na Maraɗi ba zai raba gonar Faskari ba. Na ce to ai duka biyun da littafi ɗaya suke rabo. Ya ce haka ne: a Nijar dokarsu ta ce a bi al’adar masu shari’a a maganar gado, al’adar Bahaushe Musulmi kuwa Malikiyya ce, tumuni ɗin nan dai, rabon namiji biyun na mace ɗin nan dai. Amma hannun kowanne a iyaka yake tsayawa. Wannan magana ta daɗe tana cina. Mutum ɗaya, dukiya ɗaya, shari’a ɗaya, tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma babu alƙali ɗaya a duniya da zai iya tara abin da Baba ya bari ya raba shi a zama guda.

Ranar zama dattijon ya miƙa takardarsa. Alƙali ya juya ta gaba da baya, ya karɓi fassarar, ya ce a ajiye a cikin fayil. Ya ce malamai sun san wasiƙar alƙali zuwa alƙali, akwai babinta a littafin Tuhfa, amma wannan ba gare shi aka rubuto ta ba, kuma an yi ta ne a bayan idon wasu magada. Ita kaɗai ba za ta ɗaura aure ba, ba za ta tabbatar da nasaba ba. A kawo shaidu biyu.

Mutum biyu suka raka Baba ɗaurin auren. Ɗaya ya rasu. Ɗayan tsohon abokin cinikinsa ne a Sabuwa, ƙafa ta hana shi tafiya. Ni aka aika. Daga Ɗandume zuwa Sabuwa babu wanda ya yi magana a motar. Direba na gudu, idonsa na kan daji hagu da dama, duk babur ɗin da ya ɓullo daga nesa sai ka ji numfashin mutane ya ɗauke. Wata mata kusa da ni ta danne bakin ɗanta da tafin hannu don kada ya yi kuka. Na sami tsohon a kan buzu. Ya ce, “Ni na miƙa sadakin da hannuna. Na sha gaya wa ubanku ya haɗa ku, ya ce sai an buɗe boda.” Muka ɗauko shi washegari, muka kwantar da shi a kujerar baya. Ya ba da shaida. Shaida ɗaya ke nan.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin, ita da ta fi kowa asara, domin tumunin da za ta ɗauka ita kaɗai yanzu biyu za a raba shi. Ta kira mu bayan isha’i, mu uku maza. Ba ta kalli Yaya ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Ta ce, “Kai, ka je ka faɗa wa alƙali gaskiya. Ni na san da auren nan tun ranar da aka ɗaura. Turmin atamfar suna ma ni na zaɓa. Ba za a binne ni da haƙƙin marayu ba.” Yaya ya ce, “Inna, gidan can fa?” Ta ce, “Ka fara gyara naka.”

Alƙali ya riga ya gaya mana abin da ke cikin littafin Muhtasar: idan magada biyu adalai suka yi iƙirari da wani magaji, nasabarsa ta tabbata. Idan ɗaya ne kawai, daga rabonsa shi kaɗai za a cire. Muka tsaya ni da Yaya. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ina neman izinin gyara da’awata. Akwai magada uku da ban ambata ba.” Alƙali ya tambaye shi ko an tilasta masa. Ya ce a’a. Ya tambaye ni, na ce ƙannena ne, uwarsu matar mahaifina ce har ya rasu. Ya ce tunda ba a yi izari ba, wato tambayar ƙarshe ko akwai sauran magana, ba a yanke hukunci ba, ƙofar gyara a buɗe take, amma sai kowane magaji ya ji da kunnensa. Aka ɗaga zama aka kira ƙannenmu mata, aka ɗauko Inna. Magatakarda ya buɗe shafin farko, ya ja layi a ƙarƙashin tsohon rubutu, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunaye uku. Sai da yaron ya faɗi sunansa sau biyu, a na biyun ya haɗa da sunan Baba. Yaya ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin hula.

Bayan tumuni, rabon ’ya’ya ya tashi daga kashi takwas zuwa goma sha ɗaya. Aka naɗa kawunsu ya riƙe wa yaran nasu.

Saura gidan Maraɗi. Sai da muka tsallaka ta Ɗan Isa, aka sake taron dangi, muka shiga gaban alƙalin can da malaman da ke zama gefensa don maganar al’ada, aka sake takarda da sunayenmu. Ba mu so a sayar da gidan da marayu ke kwana a ciki, don haka aka yi sulhu: a yi masa ƙima, su riƙe shi, a cire abin da ya hau kansu daga rabonsu na nan. Ƙimar ta ba mu wuya fiye da shari’ar. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuma a lokacin kullum sauka take, farashin da aka amince da shi da safe a Maraɗi sai ya canza kafin a kai labari Ƙanƙara. A ƙarshe muka tsayar da canjin rana ɗaya, kowa ya sa hannu, aka rubuta da Hausa da Faransanci, aka kai wa kotunan biyu kofi.

Siton Sabuwa mun sayar da shi da arha, domin babu mai son tara hatsi a can a lokacin. Kuɗin yaran bai gama isa hannun kawunsu ba sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai a watan Yulin 2023, aka sake rufe iyaka. Ragowar a hannun direban nan da ya kai musu labarin rasuwa muka aika. Gonar Faskari kuwa wakilan kotu ba su yarda su je ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da bakin maƙwabta aka faɗi iyakokinta, a takarda aka raba ta. Wani ɗan’uwanmu yana noma gefen da ke kusa da gari a shekarar da aka sami sauƙi, in ya kawo buhunan Yaya ne ke aunawa, ya ware na Maraɗi tukuna kafin ya taɓa namu.