Wata Biyar da Rabi Tsakanin Gwadabawa da Sakkwato

Wanda ya taso daga Garu a ƙasar Illela ya nufi Sakkwato, sai ya ratsa Gwadabawa. A can ne, ranar 9 ga Oktoba 2001, Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa, don ta haihu bayan aurenta ya mutu. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi saboda babu shaidu huɗu. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta rushe hukuncin, domin dokar da aka kama ta da ita ba ta fara aiki ba a lokacin da aka ce abin ya faru. Lauyoyinta kuma sun tunatar da kotu maganar kwantacce, wadda malaman Malikiyya suka daɗe da sani: cikin bazawara na iya zama na tsohon mijinta.

Jiha ɗaya, mazhaba ɗaya, kotuna biyu suka saɓa a kan rai guda. Abin da ya tsirar da Safiya lauya ne da lokaci. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Shari'a a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, bai ɗaukaka ƙara ba. Aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairu 2002. Mai yiwuwa ya aikata. Amma babu kotu ta biyu da ta duba, kuma yanzu dubawar ba ta da amfani.

Masu cewa ƙisasi hukuncin Allah ne gaskiya suka faɗa, sai dai sukan tsaya a rabin magana. Shari'ar da ta zo da ƙisasi ita ta ba magada damar yafewa ko karɓar diyya, ita ce kuma ta sa shubuha ke kau da haddi. A ƙasar da ake fitar da iƙirari da duka a caji ofis, talaka kuwa ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai, wace shari'ar kisa ce ta kuɓuta daga shubuha?

Tsallaken iyaka, a Birnin Ƙonni, hukuncin kisa na nan a dokar Nijar, amma rabon ƙasar da zartar da shi tun 1976. A Nijeriya fiye da mutum 3,000 ke zaune a kurkuku suna jiran sa hannun gwamnoni, waɗanda galibinsu ba sa son ɗaukar alƙalamin.