Makaɗin da Ya San Sunan Kakana

 Yau hirar tamu a kan kiɗa ce, wato irin wanda mutum ke tsayawa a fili da ƙafarsa, ƙura na tashi, yana kallon makaɗi da idonsa. Na san akwai masu ganin bai dace ɗan Musulmi ya ɓata lokacinsa a kan wannan ba, to su yi mini uzuri, abin da na gani kawai zan faɗa, domin akwai abin da ke neman kuɓuce mana mu da ke zaune nesa da gida.

Ga wanda bai san Maikunkele ba, gari ne a kan hanyar Minna zuwa Zungeru, nan hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso take, nan kuma filin jirgin saman Minna yake. Ƙasar Gwarawa ce, mu kasuwanci ya kawo iyayenmu. Mahaifina daga Zamfara ya zo, yana sayen doya da hatsi a kasuwannin Beji da Gwada yana kaiwa arewa. A nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, ƙauyenmu na asali kuwa sau uku kacal na taɓa taka shi.

Shata ya rasu a 1999, kafin a haife ni, don haka a kaset ɗin Baba kawai na san shi. Kiɗan farko da na gani da idona shi ne na 2011, ina ɗan shekara goma, lokacin bikin ɗan wani mahauci a unguwarmu. A lokacin, idan kaka ta yi aka cire amfanin gona, makaɗa kan taso daga Zamfara da Sakkwato su biyo garuruwan da mutanensu ke zaune. Waɗanda suka zo ranar su shida ne: masu kalangu uku, 'yan amshi biyu, da wani tsoho da ke jan waƙa, shi ma da kalangunsa a hammata.

Mai karatu, ka san kalangu ba a banza ake cewa yana magana ba. Tsarkiyoyin da suka haɗa fatar bakinsa biyu, idan makaɗi ya matse su da hammata sai sauti ya hau, idan ya sassauta sai ya sauka, kamar dai yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka. Shi ya sa kowace sana'a ke da takenta, mahauta da nasu, maƙera da nasu, 'yan dambe da nasu, kuma mai take yana jin nasa ko yana cikin barci.

Ana cikin wasa sai Baba ya biyo ta wurin zai wuce shago. Tsohon nan ya hango shi, nan take ya sauya kiɗa. Ya kira sunan Baba, ya kira na mahaifinsa, ya kira na kakansa, ya ambaci ƙauyenmu, ya ce gidan fatake ne masu kai gishiri da kanwa a kan jakuna. Baba mutum ne da ban taɓa ganin ya ko gyaɗa kai don kiɗa ba, amma ranar sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya zaro kuɗi ya liƙa wa tsohon. Da safe ya aika masa da buhun masara. Na tambaye shi, "Baba, wane ne na ukun da ya kira?" Ya ce, "Kakana ne, yaro. Rabon da in ji sunansa a bakin wani tun ina kamarka." Wallahi jama'a, daga bakin makaɗi na fara jin sunan kakan mahaifina.

Da na tasa, sai na fara shiga cikin Minna kallon gala lokacin bukukuwan Sallah. Ni ba mai kushe waƙar zamani ba ne, lokacin da Jarumar Hamisu Breaker ta fito a 2020 har da ni cikin masu maimaita ta. Amma akwai wata gala da wani mawaƙi daban ya zo, wanda ba zan kama sunansa ba. Mun sayi tikiti tun magariba, bai hau dandamali ba sai bayan sha biyun dare. Ana tsakiyar waƙa janareta ya ɗauke, sai muryar ta ɗauke tare da shi, ashe faifai ake sakawa, shi baki kawai yake motsawa. Kowa ya yi tsuru-tsuru. Ko da aka gyara wuta aka ci gaba, abin da ya dame ni shi ne waƙar ba ta san mun zo ba. Yadda muka ji ta a Minna, haka za a ji ta a Legas, ba ƙari ba ragi.

Na ɗauka laifin kayan zamani ne, sai da na je wani biki na Buzaye a 2022. Wani abokina mai shayi ɗan Tawa ya gayyace ni. Samari huɗu ne da rawuna, biyu da gita mai lantarki, ɗaya da ganguna, ɗaya yana tafi yana amshi, da ɗan ƙaramin janareta a gefe. Ba na jin yarensu, amma na ga abin da na gani a 2011. Idan masu rawa suka ɗau zafi sai mai gita ya ƙara sauri, idan dattijo ya shigo fili sai ya matso gabansa ya tsawaita kiɗan har sai ya gaji. A wurinsu na fara jin sunan Bombino na Agadas, wanda aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy ta 2019, da Mdou Moctar, bahagon nan da ya ƙera gitarsa ta farko da wayar birkin keke, yau kuma Turawa ke cika dandali a Amurka da Turai don kallonsa. Su ma a gidajen biki irin wannan suka koyi sana'ar.

A nan na gane cewa magana ba ta gita ko kalangu ba ce. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma shi ma ɗan baƙi ne kamarmu, a Bukuru aka haife shi. Abin da ya haɗa su duka shi ne suna kallon mutanen da ke gabansu.

Sai dai kash, makaɗan arewa sun daina biyo mana. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hanyar da suke bi ta Tegina ta zama abin tsoro, kowa na tuna ɗaliban Kagara da aka sace a Fabrairun 2021, da 'yan Islamiyyar Tegina a Mayun shekarar. Sannan ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya karya su, domin makaɗi da liƙi yake ci, ba a liƙa taransifa a goshi. Ga kuma mai sa faifai da lasifika, kuɗinsa bai kai na ciyar da mutum shida ba. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun kama acaɓa. Tsohon nan ma a waya muka ji labarin rasuwarsa, kuma duk gidajen da ya haddace sunayensu sun tafi tare da shi.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ke zaune a garinsu, maƙwabta sun san asalinsa, ko bai tambaya ba za a faɗa masa. Mu kuwa a nan ana kiranmu baƙi, idan mun je gida a ce mutanen Minna sun zo, ƙannenmu har sun fara gauraya Hausa da Turancin buroka. Makaɗi na cikin 'yan kaɗan da ke riƙe mana igiyar.

Don haka roƙona ga iyayenmu 'yan kasuwa da 'yan uwana samari: har yanzu akwai masu kalangu cikin mahautan Minna. Idan biki ko suna ya tashi, a gayyace su, ko da na awa ɗaya ne kafin a kunna lasifika, a kuma sallame su da mutunci. Wanda ba ya son kiɗa, to ya zauna da tsohonsa ya rubuta sunayen kakanninsa tun yana raye. Ni na yi, Baba ya kai ni har mutum biyar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyin gida. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.