Ƙwaro a cikin kofi: a kashe ko a saki?

Kowa ya taɓa kama ƙwaro a cikin ɗaki. Wani yakan murƙushe shi nan take. Wani yakan buɗe taga ya sake shi. Wanne ne daidai? Amsar tana jikin ƙwaron. Sai an dube shi da kyau, an san ko wane iri ne, kana a yanke shawara. Mutanen Hartum da Umdurman sun daɗe da sanin haka.

Hartum shi ne babban birnin ƙasar Sudan. A nan ne koguna 2 suke haɗuwa: Farin Nilu mai zuwa daga Tafkin Biktoriya, da Shuɗin Nilu mai zuwa daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha. Umdurman yana tsallaken ruwa, wajen yamma. Tun da daɗewa alhazai daga ƙasar Hausa suke bi ta Sudan zuwa Makka, wasu a ƙafa, wasu bisa jaki. Da yawa sun zauna can. Jikokinsu suna jin Hausa, suna jin Larabci.

Inda kogi yake, ƙwari ba su rasuwa. Lokacin sanyi, da magariba, wasu ƴan ƙananan ƙwari sukan taso daga Nilu kamar hayaƙi. Sukan yanyame kowace fitila. Mutanen Sudan suna kiran su nimitti. Nimitti yana kama da sauro ƙwarai, amma ba ya cizo. Ga kuma sauro na gaske, shi ma yana shiga ɗaki a wannan lokaci.

Wani dare, a wani gidan Hausawa na Umdurman, wata yarinya ƴar shekara 10 tana karatun lakwal kusa da fitila. Ƙanenta jariri yana barci cikin sange, wato gidan sauro. Bai daɗe da tashi daga masassara ba. Kwana 3 ya yi a asibiti, innarsu ba ta runtsa ba.

Sai yarinyar ta ga wani ƙwaro a bango. Ta ɗauki kofin shayi na gilashi, ta kife shi. Ta zura takarda a ƙarƙashi. Ƙwaro ya shiga hannu.

Wanta ya ce: "Kashe shi! Sauro ne. Shi ne ya kwantar da ƙanenmu."

Yarinyar ta yi jim. Tana tsoron ta saki mugu, kuma ba ta son ta kashe wanda bai yi laifi ba. Sai ta nufi wurin kakarta.

Kaka ta ce: "Kishiya, me kika kamo mini da daren nan?"

Ta ce: "Kaka, ƙwaro ne. Yaya ya ce in kashe shi."

Kaka ta ce: "Matso da fitila tukuna. Dubi bakinsa. Kin ga dogon tsinke?"

Ta ce: "A'a, ba shi da shi."

"Wane launi gare shi?"

"Kore-kore ne, Kaka. Kuma bai kai sauro girma ba."

Kaka ta yi dariya, ta ce: "Kama da wane ba ta wane. Wannan nimitti ne. Haske ya biyo, ba jini ba. Kai shi waje ki sake shi. Ki rufe taga, kada ƴan'uwansa su cika mana ɗaki."

Yarinyar ta fita tsakar gida, ta zare takarda. Ƙwaro ya tashi, ya ɓace cikin duhu.

Da ta komo, sai kaka ta nuna mata wani a jikin sangen jariri. Wannan yana da dogon baki. Akwai ɗigo-ɗigo a fukafukansa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga gindi sama. Kaka ba ta tsaya shawara ba. Ta kore shi daga sange, ta tafa hannu, ta kashe shi.

Yarinyar ta ce: "Kaka, ai shi ma rai gare shi."

Kaka ta ce: "Gaskiyarki. Amma in na bar shi, wa zai ciza cikin dare?"

Yarinyar ta dubi ƙanenta, ta yi shiru.

Kaka ta yi daidai sau biyu. Ƙwaro na farko ba ya ɗauke da cuta. A cikin laka a ƙasan kogi yake girma, kuma kifi yana cin tsutsarsa. Masana suna ganin ya ƙara yawa bayan an gina madatsar ruwa ta Sennar a 1925 da ta Jabal Auliya a 1937. In ya yi yawa, yakan tayar wa wasu mutane da fuka. Maganin wannan shi ne rufe taga da rage haske. Kashe guda ɗaya ba ya rage komi.

Na biyun kuwa sauro ne mai suna anofel. Macensa ce take cizo, don tana bukatar jini kafin ta yi ƙwai. Ita ce take kai masassara daga maras lafiya zuwa mai lafiya. A shekarar 2023 kaɗai, wannan cuta ta kashe mutum kusan 600,000 a duniya. Mafi yawansu ƴan Afirka ne, kuma yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Raina kama ka ga gayya.

Mutane sun daɗe ba su san laifin sauro ba. A 1880 wani likita ɗan Faransa, Alphonse Laveran, ya gano ƙwayar cutar a cikin jinin maras lafiya, a ƙasar Aljeriya. A 1897 wani likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya gan ta a cikin cikin sauro, a ƙasar Indiya.

A 1902 likita Andrew Balfour ya zo Hartum. Ya shugabanci ɗakin bincike a Kwalejin Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Hartum. Ya kafa ƙungiyar ma'aikata masu yaƙi da sauro. Ba su bi sauro ɗai-ɗai a bango ba. Inda yake haihuwa suka nema. Suna duba rijiyoyi da randuna da kududdufai da jiragen ruwa. Inda suka ga tsutsar sauro, sai su zuba mai bisa ruwan, tsutsar ta kasa numfashi. Cikin ƴan shekaru masassara ta ragu ƙwarai a birnin.

Dalili kuwa shi ne, a cikin ruwa kwantacce sauro yake ƙwai. Mace ɗaya takan saka ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda. Cikin mako 1 ko 2, ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wanda ya rufe randa ya fi mai tafa hannu kashe sauro.

In aka daina wannan aiki, cuta takan komo. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Famfuna suka lalace, mutane suka riƙa ajiye ruwa cikin duro da bokiti. Wani sauro mai zanen fari a ƙafafu, wanda yake cizo da rana, ya sami wurin haihuwa. A 2025 zazzaɓin denge, wanda wannan sauro yake yaɗawa, ya kwantar da mutane da yawa a Hartum da Umdurman.

Ƙwari masu cuta kaɗan ne. Masu amfani sun fi su yawa. Mazari yana cin sauro da ƙuda, ƴaƴansa kuma suna cin tsutsar sauro a cikin ruwa. Kudan zuma yana ba mu zuma, yana taimakon fure ya yi ɗiya. Ƙoƙi-ƙoƙi yana cin ƙwarin da suke ɓata shuka. In ɗayansu ya shigo ɗaki, ɓatan hanya ya yi. A buɗe masa taga.

Akwai kuma wanda kashe shi da hannu ke jawo ciwo. In aka murƙushe hangara a bisa fata, wurin yakan yi bororo kamar ƙuna. Don haka ba a kama baƙon ƙwaro da hannu. A kife shi da kofi, a kira babba.

Yara, in kun kama ƙwaro, ku dubi bakinsa, da launinsa, da zamansa. Ku tambayi kanku: in na sake shi, wa zai cuta? In zai cuci mutum, a kashe shi da sauri, ban da wasa da shi, ban da cire masa fukafukai. In ba zai cuci kowa ba, a bar shi ya tafi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke haɗuwa a Hartum?
2. Ta yaya ake bambanta nimitti da sauro?
3. Don me kaka ta sa aka saki ƙwaro na farko, ta kashe na biyu?
4. Ina ma'aikatan likita Balfour suke neman sauro?
5. Kawo sunan ƙwari 3 masu amfani.

Aiki

Ku zagaya gidanku da filin lakwal. Ku ƙirga wuraren da ruwa yake kwance a buɗe. Ku kife gwangwanayen banza, ku rufe randuna. Gobe kowa ya faɗa wa aji nawa ya samu.