Gwiwar mai tsaron gida

A bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magariya, daidai tashar Dogo, akwai wani dattijo mai saida rake wanda ba ya iya durƙusawa sai ya dafa bango. Samari suna ce masa Gola, akasarinsu ba su san dalili ba. Shekara 14 ya yi yana tsaron gida a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birni, a zamanin da Damagaram take tinƙaho da Espoir, wadda ta zama zakaran ƙasa a 1984.

Da ya cika shekara 33, ya tafi wurin shugaban ƙungiyarsu, wani babban ɗan kasuwa, ya roƙi a rubuta masa kwantiragin shekara uku. Alhaji ya ce masa: "Malam, kai ma ka san kasuwa. Wa ke sayen tsohon doki da kuɗin saurayi?" Shekara guda aka ba shi. Kafin ta ƙare gwiwarsa ta hagu ta goce wajen kama ƙwallo. Da wa'adi ya cika aka sallame shi da godiya da ƴan jikkuna, ya hau mota ya koma garin ubansa.

Abin mamaki, ba ya ɗora wa Alhaji laifi duka. Ya kan ce da an ba shi shekara ukun, da biyu daga ciki a kan benci zai ci albashi, alhali wani yaro mai zafin jini daga Mirriya yana jiran wurin. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa da aljihun ƴan kasuwa ba ta da halin ciyar da gurgu. Wannan lissafi ne da duk mai kanti zai yarda da shi.

Abin da ke ci masa rai dabam ne: bai san abin da ya kamata ya roƙa ba. Ba wasan shekara uku yake nema ba, so yake ya san inda zai wayi gari ranar da ya ajiye safar hannu. Ma'aikacin gwamnati yana da lambar aiki da fansho, ɗan kasuwa yana da jari. Ƙungiyoyin soja, duwan da ƴan sanda kuma suna da hukuma a bayansu. Shi kuwa jarinsa gwiwa ce, ga ta ta karye.

Da yamma, in an taru a gindin rediyo, abokai su kan tsokane shi da Roger Milla na Kamaru, wanda ya ci wa ƙasarsa ƙwallo a gasar duniya ta 1994 yana da shekara 42, da Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda a 2024 yana da 44 yana zura ƙwallo a raga. Gola ya kan yi murmushi ya ce irin waɗannan ba a ɗaura aure da fatan haifarsu. Labarin da ya fi jan hankalinsa shi ne na Ahmed Musa: ya dawo Pillars a 2024, a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. An auna ƙafarsa dabam, an auna kansa dabam. Ko da yake, in ji shi, Musa ya tara abinsa tun a Turai, ba shi ne mabuƙaci ba.

Kwanan baya wani ɗan ƙanensa da ke wasa a birni ya kawo masa takardar kwantiragi, yana murna an ba shi shekara biyu. Dattijon ya sa aka karanta masa ita sau biyu, aka fassara masa Faransancin.

"Ina inda aka ce wa zai biya asibiti?"

"Babu, Baba."

"Ina inda aka ce za su tura ka koyon horarwa in ka gama?"

Yaron ya yi shiru. Gola ya naɗe takardar ya mayar masa, ya ce kada ya sa hannu sai sun je tare ran Alhamis. Sannan ya dafa bango ya miƙe, don motar Magariya ta tsaya, fasinja suna kiran mai rake.