Kwaɗo Biyu A Ƙofa Ɗaya

Duk wanda ya biyo hanyar Kano ya ratsa Birnin Kudu, ya wuce Babaldu ya nufi Gwaram, da wuya ya ga wata alamar da za ta nuna masa akwai 'yan ɗarikar Katolika a wannan yanki. Muna nan, sai dai ba mu da yawa. Wasunmu 'yan ƙasa ne, jikokin Maguzawa da Warjawa, wasu kuwa baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo. Dukkanmu muna ƙarƙashin Dayosis ta Kano, wadda ta haɗa jihohin Kano da Jigawa, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, kafin Bishop John Niyiring ya gaje shi a 2008. A ƙauyenmu, ko ranar Kirsimeti ba mu cika benci goma ba. Fada sai wata-wata yake zuwa a kan babur, sauran ranakun Lahadi katikis ne ke ja mana sujada, kuma katikis ɗin mahaifina ne.

Mai karatu zai ce jama'ar da ba ta fi cikin cokali ba, me za ta raba? To, mun rabu, har na tsawon shekara shida, kuma a kan abin da ba a ƙauyenmu aka ƙirƙiro shi ba.

A 1967 wasu ɗalibai da malamai na Jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh a Amurka suka fara wata irin addu'a ta neman baiwar Ruhu Mai Tsarki, da tafi da ɗaga murya da ɗora wa maras lafiya hannu. Ita ce ake kira Karismatik. Ta shigo Nijeriya cikin shekarun 1970, amma ba ta iso mu ba sai da Yaya, ɗan farin gidanmu, ya dawo daga karatu a Jos da ita. Nan da nan samari da 'yan mata suka bi shi. Dattawa kuwa, waɗanda suka saba da rosari da durƙuso da shiru, suka ce wannan ba Katolika ba ce, aron hular wasu majami'u ne. Abin dariya a nan shi ne, Misar da suke karewa da Hausa suke yin ta, alhali kuwa ita ma a zamaninta sabon abu ce. Sai da Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofa kafin harsunan jama'a su samu shiga inda Latin kaɗai ke da iko. 'Yan'uwana Musulmi da ke cikin wannan ƙungiya tamu ta marubuta ba sa buƙatar dogon bayani, domin da yawansu sun ga yadda gida ɗaya ya kasu tsakanin ɗarika da Izala bayan 1978.

Ni ɓangaren Yaya na bi, kuma har gobe ina godiya da abin da na samu a can. A nan na koyi buɗe Littafi Mai Tsarki da kaina, na koyi yin addu'a da kalmomin bakina. Amma addu'a daban, ɓangaranci daban, kuma na ga yadda na biyun ke tsirowa a jikin na farkon kamar kauci a jikin bishiya.

Da suna ake farawa, kuma wannan ya kamata marubuci ya lura da shi. Su suka sa mana "'yan ihu", mu kuma muka sa musu "busassun itace". Da zarar suna ya kama, shi ke nan, ba ka sake ganin Kawunka da ya goya ka a keke zuwa makaranta, sai dai ka ga busasshen itace. Daga suna sai wurin zama: su dama, mu hagu. Daga nan sai kuɗin baiko ya zama asusu biyu, rufin kwanon da ke yoyo ya kwana damina uku ba wanda ya taɓa shi, kowa na jiran ɗaya ɓangaren ya fara. Har wani baikon aure ya lalace, saboda uban yarinya ya ce ba zai ba ɗan ihu 'yarsa ba.

Sa'an nan aka zo kan kwaɗo. Wani dattijo ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar majami'a don a hana taron daren Laraba. Washegari samari suka sayo nasu suka ƙara a kai. Aka wayi gari ba mai iya buɗe ɗakin Allah sai da yardar abokin gabarsa. Wata Lahadi mai riƙe da ɗaya mabuɗin ya tafi biki Ningi, sai ga mu a gindin tsamiya, kashi biyu, kowa da waƙarsa. Mai unguwarmu, Musulmi ne, abokin Baba tun suna yara suna kiwo tare, ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya kuke waje, ga ɗakinku a tsaye?" Baba ya sunkuyar da kai. A iya sanina wannan ce kaɗai tambayar addini da aka taɓa yi masa ya rasa amsa.

Inna ce ta fitar da ni daga ɓangaranci, ba da wa'azi ba. Ita da asuba rosarinta take ja tare da Baba, ranar Laraba kuma ta yafa mayafi ta je ta yi tafi a bayan 'ya'yanta. Kowane ɓangare yana zarginta da kai rahoto. Da ciwo ya kwantar da ita a asibitin Birnin Kudu, sai aka tsara zuwa dubiya: dattawa da safe, samari da yamma, don kada a haɗu. Kwana huɗu ana haka. A na biyar ta kira ni. Kasancewar ba ta faɗin sunan Yaya, kunyar ɗan fari, sai ta ce, "Ka gaya wa wancan, ka kuma gaya wa Malam, gado ɗaya nake kwance a kai. Ko su zo tare, ko su bar ni in huta." Na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Da yamma suka zo tare, suka tsaya cirko-cirko, aka rasa wanda zai fara. Ita ta fara, da Addu'ar Ubangiji, wadda babu ɓangaren da zai ce ba tasa ba ce.

Kada mai karatu ya ɗauka daga ranar komai ya daidaita. Wanda ya tsaya a tsakiya duka biyu yake sha. Abokaina suka ce wutata ta mutu, dattawa suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka sa mini jemage, ba ni cikin tsuntsaye ba ni cikin dabbobi. Ni dai na daina amsa sunan kowane ɓangare, na karɓi aikin magatakarda na kwamitin majami'a, aikin da kowa ke gudu, na riƙa rubuta abin da kowa ya faɗa in karanta masa a gaban jama'a. Mutum idan ya ji maganarsa a bakin wani, sau da yawa shi da kansa yake cewa a rage mata gishiri.

Abin da ya faru a Dayosis ta Ahiara a Jihar Imo ya ƙara mini ƙarfi. A 2012 Paparoma Benedict na 16 ya naɗa Peter Okpaleke bishop, limamai da jama'a da yawa suka ƙi shi saboda ba ɗan yankinsu na Mbaise ba ne. A 2017 Paparoma Francis ya ba limaman kwana 30 kowa ya rubuto takardar biyayya. Duk da haka bishop ɗin bai samu zama a kujerarsa ba, ya ajiye muƙamin a 2018, daga baya a 2022 aka naɗa shi Kadinal. Can suna da yawan da za su yi shekara biyar suna jayayya majami'u na cike. Mu in gida uku suka yi fushi, benci biyu ya tashi. Kuma sun yi: gida uku suka koma wasu majami'u a lokacin rikicin, har yau ba su dawo ba.

Ita kanta Roma ba ta kori kowa ba. Ba ta hana rosari ba, ba ta hana Karismatik ba, hasali ma a 2019 Paparoma Francis ya kafa mata ofishi guda mai suna CHARIS. Da Fada ya bayyana mana haka, sai aka yi yarjejeniya mai sauƙi. Ranar Lahadi a bi littafi yadda yake. Daren Laraba a yi tafi, amma a buɗe da rosari, a kuma tashi kafin maƙwabta su kwanta. Asusu ɗaya. Kwaɗo ɗaya, mabuɗinsa a hannun Zumuntar Mata, domin su ne ba su taɓa daina gaisawa ba. A damina ta gaba aka sake rufi.

Yanzu ta waya rigima ke shigowa. Gardamar Turai da Amurka kan tsohuwar Misar Latin, wadda Benedict ya sassauta a 2007, Francis kuma ya taƙaita a 2021, ta iso ƙauyenmu ta WhatsApp. Kwanan baya ɗan Yaya, wanda bai taɓa jin Misar Latin da kunnensa ba, ya zo yana cewa ita ce ta gaskiya, tamu ta Hausa gurɓatacciya ce. Yaya ya harzuƙa zai yi magana, na taka masa ƙafa. Baba, wanda idonsa ya yi rauni yanzu, ya ce, "Matso nan, abokina." Ya rera masa abin da ya rage a kansa na waƙoƙin Latin da ya koya yana yaro, yana yi yana fassara masa da Hausa, inda ya manta ya ce ya manta. Yaron ya ɗauka a wayarsa. Ya roƙi a bar shi ya koya wa ƙungiyar mawaƙa guda ɗaya kafin Ista, kwamiti ya ce zai zauna a kai bayan girbi.