Fenti A Kan Ƙarfen Da Ba Ya Tsatsa

Amfanin fenti ga mota iri biyu ne, wato ado da kuma kare ƙarfe daga tsatsa. To, amma akwai wani ƙarfe da ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu, domin da walƙiyarsa ake ƙera shi, ruwa kuma ba ya cin sa. Irinsa ne ake yin cokula da kwanukan da mata ke kira silba. Wani Bature, Harry Brearley, shi ya gano haɗinsa a birnin Shafil na Ingila cikin 1913. Asirinsa kuwa shi ne sinadarin kromiyam, wanda ba ya kasa kashi 10.5 cikin ɗari na nauyinsa. Da zarar sinadarin ya haɗu da iska, sai ya yi wa ƙarfen wani lulluɓi da ido ba ya gani, ko an karce shi kuma sai ya sāke rufewa da kansa.

Mai karatu zai yi mamakin abin da zai sa mai hankali ya shafe irin wannan ƙarfe da fenti. Amsar tana wurin masu rayar da tsofaffin motoci a Amurka. A can ne wani dattijo ya gaji a-kori-kura ƙirar Chevrolet ta 1953 daga mahaifinsa, ya ɗauri aniyar mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Wasu ƙarafan adonta sun ruɓe, da ƙyar ya samo madadinsu daga jikin 'yar'uwarta ta 1950, sai ga su farare ƙal, ba su san tsatsa ba. Ɗansa ya ce, "Baba, a bar su haka mana. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba." Dattijon ya ƙi, kuma yana da hujja.

Hujjar tana cikin tarihi. A lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da wasu ma'adinai domin bukatun soja. Saboda haka kayan ado masu walƙiya da dama a motocin 1952 da 1953 suka koma baƙin ƙarfe mai fenti. Ashe ke nan rashin walƙiyar motar shaida ce ta zamanin da aka ƙera ta. Wanda ya ƙawata ta fiye da asalinta ya sa ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Sai dai aikin ba na mai garaje ba ne, gama santsin ƙarfen da lulluɓin nan nasa ba sa barin fenti ya kama. In aka fesa shi kai tsaye, ba da jimawa ba zai riƙa ɓamɓarewa kamar saɓar maciji. Da farko dattijon ya wanke maiƙo sarai. Sa'an nan ya bi ƙarafan da sabuwar samfefa har walƙiyar ta mutu, ya guji wadda ta taɓa baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa kan maƙale ya haifar da tsatsa. Bayan ya sāke gogewa, bai yi jinkiri ba ya fesa fentin shimfiɗa mai ƙarfin riƙo, irin wanda ake haɗa ruwa biyu kafin a yi aiki da shi. Daga bisani ya bi da launi, shafi-shafi marasa kauri, yana barin kowane ya sha iska.

Mafi wuya a cikin duka shi ne gugar farko. Irin waɗannan ƙarafa na asali sun yi ƙaranci, ga su ba kauri, wanda ya karce su kuwa sai ya sha wahalar guga kafin ya dawo da haskensu. Don haka masu wannan sana'a suka kasu biyu: wasu na ganin ɓarna ce, gara a ajiye su don motar da ta dace da su, wasu kuwa na ganin gaskiyar mota ta fi kyan gani daraja. Abin da ya kamata mai gyara ya tabbatar tun kafin ya ɗauki samfefa shi ne shekarar motarsa, da kamannin da ta fito da su a wannan shekara. In ya san wannan, to, ya san inda zai shafa fenti da inda zai ɗauke hannu.