Motar da Ke Ɗingishi da Sassafe

Da dillancin motocin Kwatano nake ci da iyalina a unguwar Zango, don haka abin da zan faɗa ba labarin wasu ba ne. Tsohuwar mota da sanyin safiya take tona asirin kanta. Shi ya sa a filayen sayar da motoci na Sekandji, kan hanyar Porto-Novo, wasu kan ɗumama inji kafin mai saye ya iso, wasu kuma su cire kan batir don fitilar gargaɗi ta mutu.

Wani Alhaji daga Maraɗi ya ba ni amanar nemo masa Corolla. Na samu wadda jikinta ba tabo, farashi kuma ya yi. Sai dai da aka tada ta da safe, sitiyari ya kama rawa a silo, salansa na fitar da numfashi a tsintsinke. Bayan 'yan mintoci ta daidaita kamar ba ita ba. Mai motar ya ce kpayo ne, wato fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin titi, wai ruwa ya shiga. Na so ƙwarai in yarda da shi, domin la'adata tana cikin wannan amsar.

Duk da haka na kai ta garejin wani dattijon bakanike a Gbégamey, na bar ta ta kwana. Da safe ya jona na'ura, ta nuna P0303, ma'ana silinda ta uku ce ke fashin wuta.

"Ɗana, gurɓataccen mai ba ya zaɓen silinda ɗaya," in ji shi.

Bai sa an sayo komai ba. Koyil ɗin ta uku ya cire ya musanya da na ta ɗaya: in matsalar ta bi shi, shi ne mai laifi. Ba ta bi ba. Sannan ya kwance filogai huɗun ya jera a kan tsumma. Uku launin ƙasa-ƙasa, yadda ya kamata. Na ukun kuwa fes, kamar an wanke shi.

"Baba, ai wannan ya fi sauran kyau," na ce.

Ya girgiza kai, ya buɗe lagireto, ruwa ya yi ƙasa. Gasket ɗin kan inji ne ya fara ci. Cikin dare ruwa na ɗiga a silindar, da safe ya hana wuta kamawa, tururinsa ya wanke filogi. Da inji ya yi zafi ya ƙone ruwan sai rawar ta ɓace. Ya nuna min farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari da ke fita ta baya.

Daga Kwatano zuwa Malanville ya haura kilomita 700, kafin a ƙetare gadar Kwara zuwa Gaya a hanyar Maraɗi. Motar za ta iya kaiwa Parakou lafiya. A ina za ta tafasa bayan nan, da wa a cikinta, wannan ne ya hana ni barci. Kuɗin hayar gida na jirana a watan, kuma babu mai cewa na sani.

Na kira Alhaji na zayyana masa komai. Ya yi shiru, ya ce, "To Malam, a bar ta." Mai motar ya daina amsa sallamata, kuma cikin makon wani ya saye ta da tsakar rana.